An Gaishe Ka, Mai Fito

To ku matso, in faɗa sau ɗaya in huta. Tun da muka dawo ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na fita ɗiban ruwa, Hansai yaya Kano? In na zauna gaban banda, Hansai da gaske ne jirgin ƙasa yana kuka kamar raƙumi? Ke kuwa Ladi har cewa kika yi ba ki taɓa ganin mai jinya ta dawo da kumatu ba sai ni. Zan zo kan kumatun, ki ƙyale ni in fara daga farko, ki kuma sa ido a kan kifin nan kada ya ƙone.

Maigidan nawa kun san shi, sunansa dai ba a bakina za ku ji ba. Mai Kuwwa kuke ce masa, ba ku kuwa yi masa ƙarya ba. Tun kafin a kawo ni gidansa yake fito a mashigin nan. Mutum ya tsaya a wancan ƙetare ya ce "Mai fito!", shi kuma ya amsa "Ga ni nan!" har shanun da ke kiwo a fadama su ɗaga kai. Ba ya kuma barin gaisuwa ta faɗi ƙasa. Duk wanda ya shiga jirginsa sai ya tambaye shi gida, da yara, da gero, da akuyar da ta ɓata bara ko an gan ta. Ni kaɗai ce a duniya ba ya gaisarwa. Ni sunana "ke": ke kawo ruwa, ke ina hulata.

Cikin marka zazzaɓi ya kama shi. Na ce ya kwanta, ya ce ruwa ya cika, wa zai fid da mutane? Zazzaɓin ya sauka amma ya bar masa haki, ƙafafu suka fara kumbura, ya ce ai cika ce irin ta manya. Ran kasuwa yana tsakiyar ruwa gorar tuƙin jirgi ta kuɓuce masa, ya zube a kan kwandon wata mai daddawa. Garba ƙaninsa ne ya faɗa ruwa ya jawo jirgin gaɓa. Da na taɓa shi, wallahi sanyi ƙalau kamar kifin da aka fitar yanzu, gumi na tsattsafo masa, leɓɓansa sun koma toka. Liman ya lalubi hannunsa bai ji komai na bugawa ba. Mata har sun fara salati. Ni ko kuka ban yi ba, tsoro ya shanye mini hawaye.

A jirgin nasa muka kai shi Haɗeja. Malamin asibitin En'e, na hukumar sarki, ya yi masa allura, ya kwana a kansa yana dubawa, har jiki ya fara ɗumi, fitsarin da ya tsaya ya dawo. Sannan ya kira mu ni da Garba ya ce zuciyarsa ce ta gaza tura jini, Allah ne ya yi da sauran kwana. Ya ce abin ya fi ƙarfin nan, mu kai shi babban asibiti a Kano, a jingine, kada ya taka ƙasa, kada ya yi magana. Da ya ce kada ya yi magana, ni da Garba muka dubi juna.

Ƙyauren ɗakin wani ɗan'uwanmu muka cire muka ɗora shi a kai, muka sa masa buhun ƙaiƙayi a baya. Aka samo mana motar da ke zuwa Malam Madori ɗaukar kaya. Ba mu yi nisa ba ta kafe a taɓo, maza suka sauka turi, suna ta nishi mota ko gezau. Sai na ji murya daga kan ƙyaure: "Ba haka ake yi ba! Ku ɗaga gindinta tukuna, ku tura gaba ɗaya!" Mutumin da jiya ake shirin yi masa wanka, yau shi ne sarkin turin mota. Na cusa masa bakin zanena a baki. Abin haushin, da suka yi yadda ya ce motar ta fita, har muka isa yana hararata.

A tashar Malam Madori muka ajiye shi a inuwa muna jiran jirgin ƙasa, na lulluɓe masa fuska saboda ƙuda. Wasu fatake suka zo wucewa, suka ga mutum miƙe a kan ƙyaure an rufe shi, ga mace zaune ta yi tagumi. Suka tuɓe takalma suka tsuguna, babbansu ya ɗaga hannu: "Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta."

Daga ƙarƙashin zane aka ce, "Amin, amma tukuna. Daga ina bayin Allah?"

Ɗaya daga cikinsu har yau takalminsa yana tashar nan, in ba a tsince ba.

Jirgin ƙasa kuwa, Ladi, ba kamar raƙumi yake kuka ba, ya fi. Aka cusa mu a tarago da ƙyaurenmu, tsakanin wata mai kaji da wani tsoho mai tulin tabarmi. Garba, wanda ke tsayawa da ƙafa ɗaya a bakin jirgi ruwa na tafasa, jirgin ƙasa na motsawa ya fara amai. Sai na zama ina jinyar mutum biyu, ɗaya ina riƙe masa baki, ɗaya ina riƙe masa ƙwarya. Bayan mun wuce Gagarawa tsohon nan ya ce to, mun shiga ƙasar Kano. Na leƙa ina neman kogi ko ganuwa ko wani abu da zai nuna, ban ga komai ba sai geron da na bari a baya. Na ce Baba, da me kuka gane? Ya ce ki saurara, a tasha ta gaba ba wanda zai ba ki ruwa kyauta.

A Ringim 'yan talla suka rufe tagogi. Wata ta miƙo mini wani ɗan abu baƙi a tsinke ta ce kifi. Na ɗaga shi na juya, na ce 'yar nan, wannan a garinmu a ƙugiya muke sa shi mu kamo kifi. Ta ce in ba zan saya ba in ba ta abinta. Ba su da wasa, mutanen can.

A Fagge muka sauka gidan Malam Bukar, Babarbaren nan dillalin kifi da bandarmu ke zuwa hannunsa. Mutumin kirki, Allah ya saka masa, sai dai bakinsa ba ya riƙe magana, za ku ji abin da wannan ya jawo. Maganar tsoho kuwa ta tabbata: ruwa a garwa ake kawo shi a saya, mace ta yi wanka da abin da ba zai ishe ni wanke ludayi ba. Gari ba ya shiru, kekuna ta ko'ina suna ƙararrawa, mutum ya wuce ka kafaɗa na gogar kafaɗa ba sannu. Sauronsu ma ramamme ne, ya cije ka ka ji tausayinsa. Garba ya ga mun samu wuri, ya koma gida riƙe fito.

Iyakar gaske a ƙofar asibiti na gan ta. Mai gadi ya buɗe kwanona, ya shinshina, ya tambayi ko ni wace ce, daga ina, wurin wa. Ciki kuwa ɗaki ne dogo, gadajen ƙarfe a jere, maza manya kwance ba ko zana a tsakaninsu, kowa na kallon ciwon kowa. Likitan Bature ne, ja wur, da roba a kunne. Ya ƙwanƙwasa ƙirjin maigidan yana saurare kamar mai sayen tulu, ya danna masa ƙafa yatsa ya lotsa. Nas ɗin ɗakin, wani dogon Bazazzagi Malam Iro, shi ke mana tafinta.

Malam Iro ya ce, "Uwargida, likita ya ce zazzaɓin nan ne ya shiga naman zuciya ya kumbura shi. In ƙafa ta kumbura, kina ɗaga ta ki huta har ta sace. Zuciya ba a tsayar da ita, sai dai a rage mata kaya. Kada ya tashi, kada ya yi magana mai yawa, ba gishiri, ba kanwa. In kumburin ya sace za ta warware. In ya ci gaba da wahal da ita, abin da ya same shi a ruwa zai dawo, kuma ba lalle ya tashi ba."

Suna da wata dabara ta gane kumburin. Sai su ɗebi jininsa su zuba a wata siririyar kwalba doguwa kamar karan alkama, su tsayar da ita a jikin katako, su jira. Jan ya riƙa sauka ƙasa, ruwa-ruwan ya tsaya a sama. To ni 'yar bakin kogi ce, na san ruwan da lakarsa ta yi saurin kwantawa shi ne mai kyau. Na ga nasa ya kwanta tun kafin na makwabcinsa ya fara, sai na miƙe na rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin, wani tsoho mai karaya har ya saki kofinsa. Malam Iro ya rugo. Da ya ji dalili ya dafe kai ya ce, "Uwargida, jini ba ruwan tulu ba ne. Saurin kwantawar shi ne ciwon. Ranar da kika ga ya yi nawa, ranar za ki yi guɗa, ita ma a waje."

Abincinsu kuwa, maigidan ya ɗanɗana miyar ya ce mini a kunne an dafa ruwa an manta da sauran. Wannan duk da sauƙi. Masifar ran Juma'a ta zo. Ashe Malam Bukar ya bi rumfa rumfa ya shaida wa duk wani Bahaɗeje da ke Kano cewa Mai Kuwwa na kwance. Ana saukowa daga masallaci suka ɗungumo: masu kifi, masu kanwa, 'yan Kirikasamma, mutanen Baturiya, har da wanda ya ce sau ɗaya aka taɓa fito da shi yana yaro. Kowa da kwanonsa, wannan farfesun tarwaɗa, wancan kunun kanwa, wani kilishi. Kun san dubiya a wurinmu, ba a hana ta, wanda ya hana ya tsinke zumunci. Maigidan ya ga mutanensa, ido ya kawo haske, ya ture matashi ya tashi zaune. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ina gida, ina yara, ina ruwa ya kai bana, muryar nan tana ƙara hawa har ana jin ta a ɗakin mata. Ina jan rigarsa yana bige mini hannu.

Bai kai kan na ƙarshe ba na ga gumin nan ya tsattsafo. Leɓɓa suka koma toka, ya sulale. Aka kore mu waje, likita ya shigo a guje, aka ja labule. Na tsaya a baranda riƙe da kwanon farfesun wani, ina jin yadda na ji a bakin mashigi, har ya fi, don wannan karon na san sunan abin. Allah ya sake dawo da shi. Da la'asar likita ya kira ni, fuskarsa ta ƙara ja, Malam Iro ya ce, "Ya ce daga yau ba mai shigowa sai ke. Ya ce zuciyar nan ba za ta ɗauki na uku ba."

Aka hana. Mai gadi ya riƙa mayar da mutane daga ƙofa. To sai me? Sai maigidan ya juya fuska bango. Ba ci, ba sha sai da faɗa, ba ko harara. Na ce Malam, ka daure ka sha kunun nan. Ya ce, da wata murya kamar ba tasa ba, "Ke, mutumin da ba a gaishe shi ba ya amsawa, me ya raba shi da na cikin ƙasa? Ki mai da ni kan ƙyaurena." Ga shi nan fa: in an shigo ya mutu, in ba a shigo ba ya mutu. Na fita bayan ɗakin inda masu jinya ke girki na zauna, na rasa wanda zan zaga, shi ko Malam Bukar ko zazzaɓin.

Ina nan zaune sai ga wani hakimi ya zo duba ɗan'uwansa, da mutanensa a baya. Masu jinya suka zube suna gaisuwa. Na zuba ido, mutumin nan ko leɓe bai motsa ba. Hannu kawai ya ɗan dunƙule ya ɗaga, wani ƙato a bayansa ya ce, "An gaishe ku! An gaishe ku!" Kowa ya tashi yana murna kamar an ba shi riga. Na ce a raina, af, ashe akwai masu amsa gaisuwa da bakin wani, kuma su ne manya.

Na koma na zauna a bakin gadon na ce, "Malam, ka taɓa ganin sarki ya amsa gaisuwa da bakinsa?"

Bai juyo ba. Can ya ce, "Sarki ai ba ya magana."

Na ce, "To me ya sa kai kake wage baki kamar talaka?"

Ya juyo daga bango a hankali. Na ga abin ya shige shi. Ya ce, "Wa zai amsa mini?" Na ce ga ni. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mace bafada?" Na ce in yana da wani a ƙarƙashin gado ya fito da shi.

Na kai wa Malam Iro dabarar, sai da ya yi ta fama kafin likita ya gane, da ya gane ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya yarda, amma kaɗan kaɗan, kuma daga ƙofa. Malam Bukar, don ya wanke laifinsa, ya kawo rawani muka naɗa wa maigidan a kan rigar asibiti. Mai dubiya ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa: "Sannu Mai Kuwwa, yaya jiki?" Maigidan ya ɗaga dunƙulen hannu, yana wani lumshe ido, ni kuma in ce, "An gaishe ka! An ce ina gida, ina yara. An ce ajiye kwanon a nan." Kafin wani lokaci duk ɗakin Sarki suke ce masa. Tsohon nan mai karaya ya nemi in riƙa amsa masa shi ma, na ce ni fada ɗaya nake yi wa aiki.

Kwanonin kuwa, duk akwai gishiri, akwai kanwa, don haka ba ya ci. Mayarwa cin fuska ne, zubarwa alhaki ne. Wa ya rage? To Ladi, ga tarihin kumatuna, jihadi na yi.

Haka muka zauna har gero ya nuna. Ƙafafu suka sace, haki ya ragu, aka bar shi ya taka zuwa taga, daga baya zuwa baranda. Wata safiya Malam Iro ya yafito ni ya nuna mini kwalbar, jan yana tsaye a sama yana nawa, ya ƙi sauka. Na fita har bakin ƙofar mai gadi na yi guɗar da aka hana ni. Ranar sallama likita ya yi magana doguwa, Malam Iro ya taƙaice: kumburi ya tafi, amma zuciyar ta ji jiki. Zai iya tsufa da ita in ya lallaɓa ta. Gora kuwa da kuwwa, ya yi sallama da su. Ya ce yunƙuri ɗaya mai ƙarfi ya isa ya ƙarasa shi.

A jirgin ƙasa ba matsala, na ci gaba da fadanci, har mai duba tikiti sai da na ce masa an gaishe shi. Hankalina yana kan ruwa. A Kano sarauta wasa ce mai daɗi, ba wanda ya san shi da gora a hannu. A nan kuwa fa?

Garba ya tarye mu a Haɗeja da jirgin fito. Maigidan ya shiga ya zauna a tsakiya, inda mata da awaki ke zama, a jirgin da shi ya sassaƙa. Ina ganin yadda yake kallon hannun Garba duk sa'ad da ya kafa gora a karkace. Ruwa ya cika fal, shinkafa ta sunkuya a gefe. Muna karyo kwana muka hango mashigi, ku duka kuna gaɓa kuna jira. Sai wani baƙo a wancan ƙetare, Bafulatani da sandarsa, wanda bai san komai ba, ya kafa hannu a baki:

"Mai fitoooo!"

Na ga ƙirjin maigidan ya cika da iska. Hannunsa ya damƙi bakin jirgi, ya fara yunƙurawa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Garba ya tsai da gora. Ni ban kai hannu ga zanena ba, na gaji da toshe bakin babban mutum, kuma a gaban garinsu ba zan yi ba. A raina kawai nake cewa ya Allah, ba a nan ba, ba bayan duk wannan ba.

Sai ya saki iskar a hankali. Ya koma ya zauna. Ya dube ni, ya dunƙule hannu ya ɗaga.

Na miƙe tsaye a jirgi na ce "Ga mu nan!" Kun ji ta ai, balbelu sai da suka tashi daga fadama.

Abin da ba ku ji ba shi ne wanda ya biyo baya, don ba da ƙarfi ya faɗa ba. Ina komawa zaune ya ɗan matso ya ce, "Hansai." Na waiga ina neman mai kirana, ban san ya riƙe sunan ba. Ya ce, "Sannu da ɗawainiya. Ina gajiya?"

Baki ya riga ya saba. Kafin in yi tunani na ce, "An gaishe ka."

Garba ya yi dariya har ya kusa bin gora cikin ruwa, maigidan ma yana yi, a hankali, hannu a ƙirji. Ni kuwa na juya fuskata wajen ruwa. Kada ki ce hayaƙin banda ne, Ladi, yanzun ma kuka nake. Juya kifin nan.